Dokar ta-ɓaci a gidanmu

A Gidan Waya muke zaune, amma saƙon komawa makaranta bai taɓa isowa gidanmu da wuri ba. Sai saura kwana biyu uwargida ke tuna Satumba ta kama. Nan take ta kafa dokar ta-ɓaci.

Aka fara da takalma. Yara huɗu, sandal bakwai, biyar na ƙafar hagu. Jakar babban kuwa, kaza ta kama haya a ciki tun Agusta, tana kwance kan ƙwai tara. Na ce a jira ta ƙyanƙyashe.

"Maigida, kai za ka yi wa hedimasta bayani?"

Na janye shawarata.

Wandon auta ya tsaya a cinya. Ya rantse damina ce ta cinye shi, ba ruwan tuwon hutu.

Aka tura ni kasuwar Kafanchan da takardar sayayya mai tsawon layin dogo. Na dawo jiƙe sharkaf.

Litinin da safe suka fita fes, kamar ɗaliban Kwalejin Ilimi. Can sai ga auta a guje: babu fensir! Aka birkice ɗaki, har kazar aka ɗaga.

Yana bayan kunnena tun Asabar.