Jinjina ga Malam Gem

Madalla da wannan malami da ya shigo gidajenmu ba sallama, ya sauke wa iyaye nauyin tarbiyya. Abin da malaman boko da na allo suka kasa, shi ya iya: yana zaunar da yaro awa biyar wuri guda, ba bulala ba tsawa.

Karatunsa kuwa mai zurfi ne. Yaron da aka tambaya bakwai sau takwas ya tsaya yana sosa ƙeya, a tambaye shi bindigogin PUBG da na Free Fire, sai ya jero su tiryan-tiryan, har da wadda ta fi kashe na nesa. Ya koyi tattali, domin yana wuni da yunwa a makaranta don ya kai kuɗin tara shagon gem. Ya koyi lissafi, domin ya san nawa zai gutsira daga canjin cefane ya sayi data ba a gane ba.

Ladabi fa? A da uwa na kira, yaro ya ce na'am ya taso. Yanzu tana kira sau uku, ido na kan waya, manyan yatsu na aiki, amsar dai ɗaya ce: "Ina zuwa, bari in gama wannan." Ladan ma amsar da yake samu ke nan. Ƙarfe biyu na dare ɗalibin yana ƙarƙashin bargo yana yaƙi, da safe ya rama barcinsa a aji. Langa da dara, tatsuniya da kacici-kacici, duk Malam ya sallame su, ya hutar da yara wahalar gudu da tunani da hira da kakanni.

Masu ƙera shi ma a yaba musu. Sun sa kyauta ga wanda ya shiga kullum, sun jera matakai marasa ƙarewa, don kada ɗalibi ya yi fashi ko na rana ɗaya.

Har duniya ta san da zamansa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama shi, ta sa jarabar gem cikin kundin cututtukanta. Ita kuwa Sin, ƙasar kamfanin Tencent mai PUBG Mobile, a 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mu da muka fi su wayewa, yaro na kuka muke miƙa masa waya don mu samu sararin hira.

Iyaye, idan wannan yabo ya yi muku ɗaci, to ya isar da saƙonsa. Wasa da ƙa'ida ba laifi ba ne, amma wanda ya cinye barci da karatu da salla ɓarna ce. Ku yanka wa yaro lokaci, ku duba abin da yake bugawa, ku karɓe wayar kafin ya kwanta. Amanar yaran nan a wuyanku take, kuma ku za a tambaya.