Wane ne Ke Fito a Cikin Waƙar?

Ɗan ƙanwata ya koyi jita a coci, kamar yawancin samarin Kafanchan da suka iya ta, amma bai tsaya inda malamin kwaya ya ajiye shi ba. Wani ya tura masa Black Sabbath a waya, shi ke nan. Ya haddace labarin Tony Iommi, wanda injin masana'anta ya guntule wa kan yatsu biyu a Birmingham yana ɗan shekara 17, ya ƙi ajiye jita, har aka wayi gari a 1970 da kiɗan nan mai nauyi da ake kira metal. Hujjar yaron kuwa: in garin maƙera ya haifi wannan kiɗa, Kafanchan, garin da layin dogo ya haɗe a cikinsa tun 1927, ba baƙon ƙarar ƙarfe ba ne.

Ya ari amfin coci da alkawarin mayarwa kafin Lahadi, ya kafa makirufo a bakin lasifika, ya ɗauki waƙarsa a ɗakin mahaifiyarsa, don shi kaɗai ne ɗakin da ƙofarsa ke rufuwa. Ni aka kira shaida. Jitar ta fito sai ka ce ruwan da ke zubowa daga dutsen Matsirga a watan Agusta, kuma hakan yake so. Abin da bai so ba shi ne baƙin da suka biyo ta: wani ƙugi a ƙasa, da wani siririn fito a sama mai soke kunne.

Da ƙugin ya fara. Wani Ba'amurke a YouTube ya ce a datse 60 Hz da ikwalaiza. Gogan naka ya datse, ƙugi bai ko gezau ba. Wutar Amurka sau 60 take kaɗawa a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma 'ya'yanta na biye da ita a 100 da 150. Ya koma 50, aka samu sauƙi, sai ga shi an ɗauke wuta an tada janareto. Ƙaramin janareto sai ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya ba da 50 ɗin nan, da firji ya tashi sai ya ja numfashi, ƙugin ya zame ya bar ramin da aka haƙa masa. Jitar ma mai araha ce, irin mai naɗin waya guda wadda ke kwasar duk wata wutar da ke yawo a ɗaki. Maganin wannan ne kamfanin Gibson ya sa mai naɗi biyu a jitocinsa tun 1957. Da yake babu kuɗin sabuwa, sai ya yi nesa da sitabilaiza, ya yi ta juyawa har ya sami inda ƙugin ya kwanta. Wurin kuwa bayan ƙofa ne, fuska ga bango.

"Kawu, saurara," in ji shi, ya danna G a kan tsirkiya mai kauri. Ɗakin ya amsa gaba ɗaya. Wannan ba laifin wuta ba ne. Sauti na gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka ɗakin da ke da mita 3.4 tsakanin bango da bango yakan kumbura amon 50 da 100, G ɗin nan kuwa 98 ne. Duk sanda ya taɓa shi, kwanukan tangaran da samirun da ke jere a kabad sai su kama rawa, murfi na bugun murfi. Duk makirufo ya kwashe.

Fiton ne ya kusa zautar da shi. Dabarar da aka koya masa ita ce a ɗaga wani ɗan tsukin amo sama, a riƙa jan sa hagu da dama har a ji inda ya fi muni, sannan a yanke. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, duk inda aka ɗaga haka muni zai yi, musamman tsakanin 2,000 da 5,000 Hz inda kunnen ɗan Adam ya fi kaifi, kuma nan ne haƙoran jitar metal suke. Ya yanke nan, fito na nan. Ya yanke can, yana nan. Kafin dare ya raba ya cire wa jitar haƙora tas, ba ta cizo sai tauna, fiton kuwa sai ƙara fitowa yake tunda an share masa fili. A ganina kunnen da ya yi awanni cikin wannan ƙara bai cancanci a karɓi shaidarsa ba, amma wa ke jin ta kawu?

Mahaifiyarsa ta leƙo neman bargonta, wanda aka rataye a taga tare da katifar baƙi. Ya danna tsayawa don ya ba ta haƙuri. Waƙa ta tsaya. Fito ya ci gaba.

Muka dubi kwamfuta, muka dubi juna. Ita kuwa ta sunkuya ta ja amfin gefe da hannu ɗaya. "Wannan kuke nema?" Gyare ne, baƙi ƙato, ya sami ɗumi a bayan akwatin. Kukan gyare tsakanin 4,000 da 5,000 Hz yake faɗuwa, kuma damina ce, lokacin neman aurensa. Yana cikin abin da aka ɗauka, yana kuma rera wani sabo a ɗakin, shi ya sa ba yankan da ya taɓa shi. Ta share shi waje da tsintsiya, ta kwashe bargonta, ta ce kwanukan ma a mayar mata yadda ta jera su.

Washegari da rana tsaka ya sake ɗauka, kwanuka a tsakar gida, amfi a kan kujera nesa da kusurwa, makirufo ya ɗan kauce daga tsakiyar lasifika. Yanka biyu ƙanana suka wadatar.

Amfin ya koma coci daren Asabar, a kan kari. Abin da yaron ya manta shi ne maɓallin da ke sa jita ruri, wanda ya mure har ƙarshe. Da safe zumuntar mata suka fito da tulu da caki, mai jitar coci ya ba su sautin farko don su kama murya, mai tulun ta saki tulu ta nufi ƙofa.