Kai Tsaye Daga Dawanau

Zazzaɓi ya kwantar da wakilinmu na kasuwanni, edita ya waiga ɗakin labarai bai ga kowa ba sai ni, ɗan koyo, wanda babban aikinsa sayo wa manya ƙosai. Ya ce in tafi Dawanau in samo farashin hatsi, za a kira ni a labaran ƙarfe ɗaya, kai tsaye. "Masara, gero, dawa, wake. Minti ɗaya da rabi. Kada ka yi mana wa'azi."

Dawanau ba wurin wasa ba ce. Tana hanyar Katsina, a ƙasar Dawakin Tofa, tireloli na lodin riɗi da zoɓo da citta zuwa bakin teku, fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru suna ciniki a cikinta. In buhu ya motsa a can, sai uwargida ta ji a tukunyarta a Fagge. Na zaga layin masara da na wake, na tambayi buhu, na tambayi kwano, ban yarda da bakin mutum ɗaya ba, kamar yadda aka koya mana. Littafin rubutuna kuwa ya bi adaidaita sahun da ya kawo ni, yana can yana yawon gari. Sai na rubuta farashin da biro a tafin hannun hagu. Watan Afrilu ne, ana zuba rana.

A inuwar wata rumfa na gamu da Baba. Dillali ne, da ɗan akwatin rediyo wanda aka ɗaure murfin batirinsa da roba. Yana ganin abin sauraro a kunnena ya matsa mini a kan benci.

"Ɗan jarida ne? Zauna, yaro, ka faɗo hannun gida."

Ya ce mahaifinsa ya kama Landan tun da ta fara Hausa a 1957, shi kuma ya gaji akwatin, ya gaji kunnen. Jamus ta biyo baya a 1963. Muryar Amurka kuwa, da sai 1979 ta shigo, har yau yarinya yake ce mata. Saboda haka babu abin da zan gaya masa game da aikina.

"Abu na farko, ka ɗan toshe hanci. Duk manyan nan ta hanci suke magana, shi ya sa ake jin su har Agadas."

Na ce, "Baba, ai ƙarfin na'ura ne."

"Na'ura ba ta da hanci? Ji yaro. Sannan ka hau kan buhu, magana ba ta son ƙasa. Kuma kome aka tambaye ka, kada ka yi saurin amsawa. Mai saurin amsa, an san bai je Landan ba."

Ya ba ni ɓarin goro, wai yana buɗe maƙogwaro. Ya aika yaro ya kira 'yan dako su zo su ga yadda ake yin labarai. Ya murɗa akwatinsa ya kamo tasharmu, ya ƙure murya. Ko mai kiran waya a shirin gaishe-gaishe ya san ana cewa ya rage muryar rediyonsa. Ni na sani. Amma wa zai ce wa magajin 1957 ya rage?

Waya ta yi ƙara. Injiniya ya ce in tsaya a layi. Na duba, na gan ni a kan buhun gero, ban san lokacin da na hau ba. A kunnena ina jin Hajiya, wadda ta fara karanta labarai tun ina goye, tana cewa ga wakilinmu a kasuwar Dawanau.

"To, nawa ake sayar da buhun masara yau?"

Na buɗe hannu. Ashe tun ɗazu a dunƙule yake saboda fargaba. Tafin ya rine shuɗi tun daga 'yan yatsu har wuyan hannu, kamar na taso daga marinar Ƙofar Mata. Masara ta narke cikin gero, gero ya kwarara cikin wake. Abin da ya tsira kawai sifiri ɗaya ne a gindin babban yatsa, yana kallona.

Na yi shiru. A rediyo, shiru na daƙiƙa uku ya isa mai sauraro ya bubbuga akwatinsa, yana zaton batir ya mutu. Da idona na ga Baba ya bubbuga nasa. Sannan ya ɗago ya gyaɗa mini kai, alamar na kama darasi, ba na saurin amsa.

"Wakilinmu, kana ji na?"

Ina ji. Kaina ne ba kowa a ciki. Bakina kuwa ya wuni a kasuwa, ya ji yadda ake yi idan an tambayi kuɗin kaya, sai ya ɗauki nauyin gidan ba tare da shawara da ni ba:

"Hajiya, ke nawa kika taya?"

Da a iska maganar ta tafi, da sauƙi. Sai da ta je gidan rediyo ta dawo, ta fito daga akwatin Baba a bayana, da muryata, a natse, har da ladabi. Ke nawa kika taya. Can wajen mai shayi wani akwatin ya maimaita. Ina tsaye a kan buhu, na fi kowa tsawo a layin, hannu shuɗi a sama, ina sauraron kaina tare da sauran jama'ar Kano. Mun ɓata zangon karatu muna haddace cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam ne editanta. Ba malamin da ya taɓa cewa biro ba ya jure gumi.

Hajiya tsohon hannu ce. Ta yi ɗan tari, ta ce, "To, a makon jiya dai an sayar da shi a kan..." ta faɗi kuɗin, don ta miƙo mini igiya in kama. Ni ma har na buɗe baki. Baba ya riga ni. Ya miƙo wuya daidai wayar, ya kwarara:

"Albarka!"

Wani ɗan dako daga baya ya ce, "Ta ƙara dai!" Sai na ji tallar takin zamani ta faɗo a kan layin.

Edita bai kira ba, wanda ya fi kira ciwo. Inna ce ta kira. Ta ce ta ji ni, maƙwabta ma sun ji, murya ta fita tas, Allah ya yi albarka. Amma me ya sa ban sallama wa baiwar Allah ba, tunda ta yi tayi da mutunci?

Na sauko daga buhu. Baba ya dube ni, ya girgiza kai, ya karɓe sauran goronsa.

"Na ce ka toshe hanci. Da yanzu ba wanda ya san kai ne."