Gamsasshen Bayani a Kan Hukunce-hukuncen Iska a Cikin Akwatin Kwamfuta

Ka sani, ya kai mai neman sani, cewa kwamfutar tebur ba ta da wata sana'a ta haƙiƙa face mayar da wutar lantarki zafi. Rubutu da lissafi da haɗa bidiyo da wasan ƙwallon da yara ke bugawa a kanta, duk abubuwa ne da ke faruwa a kan hanya. Kowane wat da ya shiga ta waya, ƙarshensa zafi ne, babu mai tsira. Katin hoto na RTX 4090, wanda Nvidia ta fitar a 2022, shi kaɗai yana iya cin wat 450. Furosesa irin Core i9-13900K na Intel yakan kai wat 253 idan aka matsa masa. In ka haɗa su sun haura 700, wato sun doshi ƙaramin dutsen guga. Bambancin kawai, ba a taɓa jin wanda ya kulle dutsen guga a akwati ya sa masa gilashi da fitilu masu launi, sannan ya yi tagumi yana mamakin abin da ya kawo zafi ba.

Shi furosesa yana da iyakar haƙuri, kuma a rubuce take. Na Intel irin Core i9-13900K digiri 100 ne, su kuwa yawancin Ryzen 7000 na AMD digiri 95. Idan ya kai nan ba ya ƙonewa, ba ya kuma kai ƙara, sai dai ya rage gudu da kansa har jikinsa ya huce. A nan ne mai kwamfuta yakan yanke hukunci cewa bairos ne, ya ɗauke ta ya kai wa mai gyara a goge komai, har da hotunan biki. Ta dawo gida tas, da ƙurarta yadda ta tafi.

Malaman wannan fanni sun haɗu a kan cewa iska tana da haƙƙi uku a kan mai akwati: ƙofar shiga, da hanyar wucewa ta kan abin da ke da zafi, da ƙofar fita. Wanda ya tauye ɗaya ya tauye duka. Bisa al'ada tana shiga ta gaba ko ta ƙasa, ta fita ta baya ko ta sama. Ita fanka kuwa tana da fuska tana da ƙeya, kuma jahiltar wannan ya halakar da ƙoƙarin mutane da yawa. Iska tana shiga ta gefen da fukafukai suke a buɗe, ta fita ta gefen da ke da sandunan da suka riƙe injin, inda waya take fitowa. Wasu kamfanoni sukan zana 'yar kibiya a gefe saboda tausayi. Wanda ya yi shakka ya kara 'yar takarda, za ta gaya masa gaskiya. An sha ganin mutum ya sayi fanka biyu masu tsada, ya sa ta gaba tana hurowa ciki, ta baya ma tana hurowa ciki, su yi ta kokawa da juna a tsakiya dare da rana, furosesa yana kallo yana gumi.

Sai babbar mas'ala, wadda ta raba kan masana gida biyu. Ɓangare na farko sun tafi a kan cewa iskar da ake turawa ciki ta fi wadda ake zuƙowa waje yawa. Hujjarsu ita ce, idan akwati ya cika da iska, rarar za ta riƙa fita ta kowace kafa da kowane tsagi, don haka ƙura ba ta da mashiga sai ta gaba, inda aka tsare ta da raga. Ɓangare na biyu suka ce a'a, a fifita zuƙowa, domin iska mai zafi ta bar akwati da wuri. Suna da gaskiya ta wani gefe, don wani lokaci hakan yakan rage wa katin hoto zafi. Amma akwatin da ake zuƙe wa iska dole ya rama, kuma ta duk inda ya samu zai rama: ta ramukan baya, ta gefen murfi, ta mashigar filas, duk babu raga.

Saɓanin ba sabo ba ne. Lokacin da Intel ta fitar da tsarin ATX a 1995, ta tsara fankar fawa fak ta jawo iska daga waje ta huro ta kan furosesa. Daga baya aka ga iskar da ta riga ta ratsa fawa fak ta ɗumama, sai aka juya fankar ta koma fitarwa. A 2004, da Pentium 4 ya addabi kowa da zafi, Intel ta sake fito da tsarin BTX, wanda ya jera kayan ciki a kan layi guda domin iska ta miƙe sambal daga gaba zuwa baya. Tsari ne mai ma'ana ƙwarai, shi ya sa jama'a suka ƙi shi, ita ma ta watsar da shi a 2006.

Abin da marubucin wannan bayani ya rinjayar shi ne ra'ayin farko, kuma dalilinsa hunturu ne. Wanda ke zaune a ƙasar da ƙura baƙuwa ce yana iya bin ɓangaren da ya ga dama. Amma wanda ke Kano ko Damagaram, inda daga Disamba zuwa Fabrairu za ka goge tebur da safe ka yi rubutu da yatsa a kansa da la'asar, bin ra'ayi na biyu a gare shi gayyatar ƙura ce. Fanka biyu a gaba masu shigarwa, a bayan raga, da ɗaya a baya mai fitarwa, sun wadatar da mafi yawan akwatuna. Ta huɗu tana ƙara ɗan abu. Daga ta shida zuwa sama, amfanin yana komawa ne ga mai shago. Idan akwai wuri, mai faɗin milimita 140 ta fi mai 120, don tana tura iska daidai da ita ba tare da ta yi gudu da ihu kamarta ba.

Akwai masu kafa hujja da cewa iska mai zafi sama take yi. Haka ne, ba mai musu. Sai dai tashin nata na kasala ne, fanka guda ta isa ta karkatar da ita inda ta so. Saboda haka wanda ya cika rufin akwati da fankoki masu fitarwa ya kula da ta can gaba, domin takan sace iskar da ta shigo yanzu-yanzu ta jefar waje tun ba ta gaisa da furosesa ba.

Game da akwati mai gilashi a gaba, wanda aka manna wa fankoki uku a bayan gilashin ba tare da isasshiyar kafa ba, hukuncinsa a fili yake: fankokin suna juyawa, suna haske, kuma iska tana waje. Binciken masana har yau bai gano launin fitilar da ke rage ko digiri ɗaya ba, ko da shuɗi ne. Ɗaure wayoyi kuwa abu ne mai kyau, amma in ba sun tare gaban fanka ba, ladansa na ido ne.

Sai mas'alar da ake yawan tambaya a shagunan buga takardu: mene ne hukuncin cire murfin gefe a kafa wa kwamfuta fankar tsaye? Amsa ita ce yana aiki, kuma wanda ya ce ba ya aiki bai gwada ba. Sai dai ya halatta ne a kan lalura. Mai yin haka ya buɗe ƙofa ga ƙura da kyankyaso da tsaka da yatsun yara, kuma ya shaida da kansa cewa akwatinsa ba shi da hanyar iska. A nan ya kamata a tuna da wata ƙa'ida mai ɗaci: fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take kawowa. Idan Afrilu ya yi, ɗaki ya doshi digiri 40, to daga 40 ɗin za a fara lissafi, ko fanka goma aka jera. Haka nan wanda ya cusa akwati a cikin durowar tebur, ko ya manna bayansa da bango, ko ya ɗora shi a kan kafet alhali fawa fak ta ƙasa take shaƙa, ko ya lulluɓe shi da kyakkyawan ƙyalle yana aiki, duk hukuncinsu ɗaya.

Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani ne, don haka kwatankwacin ƙwayar wake ya isa. Man goge baki ba ya maye gurbinsa, yakan bushe cikin ɗan lokaci. Kuma a ɓare ledar da ke manne a gindin sabon ƙarfe kafin a ɗaura, duk da an rubuta hakan a jikinta, wanda shi ne dalilin da ya sa ba a karantawa.

Saura tsarki. A kashe kwamfuta, a zare wayar wuta, a fitar da ita tsakar gida, a bi ta da bulowa da buroshi mai laushi. A riƙe fukafukan fanka da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima ta lalata ta. Ragar gaba a cire a wanke, a bari ta bushe sarai kafin a mayar, domin ragar da ta toshe ta zama bango. Da damina ana iya jinkirtawa. Da hunturu kuwa, mai karatu, duba ragarka duk mako biyu, kuma ka ɗauke akwatin daga ƙasa ka ɗora a kan tebur.