Zuwa ga Ardon Tocila na Girei

Bawana, labarinka ya ƙetaro Binuwai ya iske ni a Jimeta. An ce ka jingine sanda, ka kife ƙwarya, ka koma farke cikin tocila. Da an idar da sallar isha'i sai ka baje tabarma, ka ɗora ƙarfen dalma a wuta, ka jera ƙananan ƙwayayen LED kana gwada su ɗaya bayan ɗaya da mita. Kakanninka da Modibbo Adama ne suka kafa Yola a 1841, yau ga jika ya ƙare a hanjin tocilar Sin.

Da gyara kake yi, da na ce Bafillace ya samu na sayen gero. Ina! Lafiyayyar tocila kake saye a kasuwar Jimeta, ka haye gada da ita, ka kai ta gida ka yi mata tiyata. Ka zare batirin da ta zo da shi, ka cusa mata wanda ka ɓalle daga mataccen laftof, dogon nan da kuke kira 18650, mai bolt 3.7, wanda in ya sha caji yake kaiwa 4.2. Shi kuwa farin ƙwan LED bolt 3 da 'yan kai yake buƙata, shi ya sa masu ƙerawa ke sa masa resista ta riƙa tsuke wutar. Kai sai ka fizge ta, wai rowa ce aka yi wa ƙwan. Jama'a ku zo ku ji, yau Bafillace ne ke zargin wani da rowa!

To ai ka ga abin da kake so. Ka danna, unguwa ta yi fayau, kaji suka soma cara, maƙwabta suka leƙo ko jirgi ne ya ɓace hanyar filin Yola. Kafin a gama salati haske ya koma shuɗi-shuɗi, roba ta fara ƙauri, ka yi jifa da ita kana yarfe hannu. Zafi shi ne ajalin LED. Duk wutar da ka ƙara masa, rabo mai yawa zafi take zama, kuma in babu ƙarfen alminiyom a bayansa da zai janye, kansa yake dafawa. Wannan a ko'ina ke nan, balle a Girei cikin watan Afrilu, inda ma'aunin zafi ke haura 40 ba tare da taimakonka ba.

Na san inda cutar ta samo ka. Jami'ar Modibbo Adama da ke Sangere tun 1981 aka kafa ta a matsayin jami'ar fasaha, kuma da gani iskar da ke kaɗowa ta saman katangarta ce ta buge ka, ba ka shiga aji ba. Mutanen da suka yi aikin na gaskiya, Akasaki da Amano da Nakamura 'yan Japan, sun samar da shuɗin LED mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Ɗan rawayan abin nan da ke shafe a fuskar ƙwan shi ke juya shuɗin ya fito fari. An ce ka kankare shi da reza ka ɗanɗana, ko man shanu ne. Ban musa ba.

Ka tuna fitilar nan da aka yi wa laƙabi da Obasanjo-ya-kasa? Guntun katako, tsohon faifan CD, batiran Tiger da 'yan ƙwayayen LED, shi ke nan. Ba ta kashe ido, ba ta ƙona hannu, amma mai shayi da mai tsire sun yi dare da ita ba adadi. Waɗanda suka haɗa ta haske mai daɗewa suka nema, domin shi talaka ke biya. Kai kuwa mai firgitarwa kake nema, don a taru a ce kai.

Gaskiya ɗaya zan faɗa maka, ko da bawa ba ya cin yabo: batiran da kake tsamowa daga bola kana auna su, ka ware masu rai, aiki ne mai kyau. Sai dai ka daina cajinsu da zarar waya a cikin bukka. Batirin litiyom in ya wuce ƙima wuta yake kamawa, kuma mu Barebari ba mu shirya sake gina maka ruga ba.

Watan cika-ciki na tafe, zan zo karɓar kuɗin shara. Bijimi nake so. In rowar ta motsa, na yarda da tocila, amma a cikin kwalinta, wadda hannunka bai taɓa ba.