Sayen Wahala da Rasit

Da zarar Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu ta kama, wani irin ciwo kan taso wa mutanen Amurka, kuma ba ya sakinsu sai farkon Satumba. Mutum yana da gidansa, ga gado mai laushi, ga famfo, ga wuta ba ɗaukewa, sai kawai ranar Juma'a da yamma ya cika mota da kaya, ya kwashi mata da 'ya'ya har da kare, ya nufi bakin wani kogi a can ƙauye don ya kwana a ƙasa. Ba gobara aka yi ba, ba mai gidan haya ne ya koro shi ba. Kuma ba kyauta zai kwana ba. Tun watanni kafin ranar ya biya ta intanet, aka ba shi lambar fili da rasit.

Ciwon ya daɗe. A 1869 wani limamin coci a Boston, William Murray, ya rubuta littafi yana kururuta daɗin kwanan daji a tsaunukan Adirondack, wai yana ƙara lafiya. Mutanen birni suka karanta, suka ɗunguma. Suka je suka tarar da ruwan sama da ƙudaje masu cizo, har jaridun lokacin suka laƙaba musu suna "wawayen Murray". Kai ka ce an daddara. Ina! Tattaɓa-kunnensu ne yau suke rububin fili.

Masu hannu da shuni ne suka gano yadda za a ci riba biyu, a samu sunan jarumta ba tare da jiki ya gaya wa mutum ba. Wajajen 1915 zuwa 1924, Henry Ford mai motoci da Thomas Edison mai ƙwan lantarki da Harvey Firestone mai tayoyi sukan fita kwanan daji tare. Amma wane daji? Ayarin motoci ne ke biye da su, da motar girki, da kuku, da masu kafa tanti, da masu ɗaukar hoto. Ford ya ɗauki gatari ya faskara itace, kyamara ta ɗauka, a zauna a ci abinci a kan tebur. A 1921 har shugaban ƙasa Warren Harding ya je ya taya su shan wannan baƙar wuya. Mai sayar da mota da mai sayar da taya suna kiran jama'a su bar gari su yi nisa: wannan ba sai an tambayi malamin duba ba.

Daga nan abu ya zama kasuwa. A 1962 wani ɗan kasuwa a Billings ta jihar Montana, Dave Drum, ya ga motoci suna ta wucewa zuwa bikin baje kolin duniya a Seattle, sai ya gyara filinsa a bakin kogin Yellowstone, ya sa banɗaki da ruwan wanka mai zafi da ɗan kanti. Asalin kamfanin KOA ke nan, wanda yanzu yake da sansanoni sama da 500.

Idan ka shiga irin wannan sansani, ƙabilu biyu za ka tarar. Akwai 'yan tanti, waɗanda ke isowa dab da magariba, maigida ya zazzage sanduna da igiyoyi a ƙasa, ya ce ba ya bukatar takardar bayani don bara ma shi ya kafa. Uwargida ta riƙe tocila ta yi shiru, irin shirun da ya fi magana ciwo. Sai kuma 'yan gidan mota, waɗanda suka janyo gida sukutum: gado, firij, talabijin, murhun gas, na'urar sanyaya ɗaki. Su daga isowa sai su jona wuta da ruwa, su shimfiɗa darduma a ƙofa, su kafa tuta, su rataya ƙananan fitilu. 'Yan tanti suna yi musu kallon ragwaye, su kuma suna yi wa 'yan tanti kallon abin tausayi. Duk da haka abu ɗaya ya haɗa su: tambayar farko da kowa ke yi a ofishin sansani ita ce lambar sirrin Wi-Fi. Mutum ya zo ne don ya rabu da duniya, amma ya zama dole duniya ta san ya rabu da ita.

Ga bishiyoyi ko'ina, amma kada ka kuskura ka tsinci itace, kuma a wurare da yawa ba a yarda ka zo da naka daga nesa ba. Wannan dai da hujja: tun da aka gano wani koren ƙwaro mai kashe bishiyoyi a kusa da Detroit a 2002, aka lura a cikin itacen girki yake yin balaguro. Saboda haka sai ka je kanti ka sayi ɗan ƙulli, an naɗe shi da leda, ka dawo ka zauna a tsakiyar daji kana lissafin faskare nawa ya rage.

Amma duk wannan share fage ne. Kogin aka zo wa.

A jihar Texas, tsakanin Austin da San Antonio, akwai garin New Braunfels da Jamusawa suka kafa a 1845. Nan kogin Comal yake, gajere ne, tsawonsa bai wuce kilomita huɗu ba kafin ya faɗa cikin kogin Guadalupe, wanda shi kuma sansanoni suka jeru a bakinsa. Abin da ake yi a nan ba wuya: ka sa hannu a takardar cewa idan wani abu ya same ka ruwanka, a ɗaura maka roba a wuyan hannu, a miƙo maka robar cikin taya an hura ta, ka cusa mazaunanka a ramin, ka miƙe ƙafa. Shi ke nan wasan. Ba tuƙi, ba iyo, ba gasa. Ruwa ne ke aiki, kai kaya ne. Masuntan Argungu ma kan hau ƙaton gora su bi ruwan Matan Fada, amma su da koma a hannu, kuma idan an dace a fito da giwan ruwa. Shi kuwa wannan bawan Allah yakan yi awa uku yana shawagi, ya fito da ƙunar rana da takalmi ƙafa ɗaya.

Babban baƙo a wannan tafiya shi ne kula. Ita ma ana yi mata hayar roba tata, mai rufaffen ƙasa, a ɗaure ta da igiya a tsakiyar ayari. Idan aka zo inda ruwa ke gudu, yaro ya kife, sai a ce ai ya iya ruwa. Kula ta karkace kuwa, za ka ga manya biyar sun yi tsalle a tare. Ranar Asabar a tsakiyar bazararsu, robobi kan cika kogin maƙil har ba ka ganin ruwan, kowane ayari da kiɗansa. Mutanen da suka gudo daga cunkoson motoci sun zo sun haɗa cunkoson tayoyi, ba motocin. Akwai kuma tambayar da ba a yi a cikin mutane: jama'a dubbai, kowa yana ta kwankwaɗar abin sha tun hantsi, amma da wuya ka ga wanda ya fito neman banɗaki. Mu bar kaza cikin gashinta.

Mutanen gari sun gaji da kwashe gwangwani daga ƙarƙashin ruwa, sai a 2011 suka kaɗa ƙuri'ar hana shiga kogi da duk wani mazubi na sha-ka-yar. Masu hayar roba da masu sayar da giya suka garzaya kotu, a 2014 aka soke dokar, a 2017 ta dawo. Shekara shida ana fafatawa da lauyoyi a kan gwangwani. Yanzu sai mutum ya juye abin shansa a gora kafin ya shiga, ya kuma kiyaye: ba kwalba, ba tsalle daga kan gada.

Wanda ya raina kwanciya a roba sai ya yi hayar kwalekwale, kuma nan ne ake gwada aure. Na baya ke juya jirgi, na gaba ke ganin hanya, kowa kuma ya tabbata ɗayan ne ba ya jin magana.

"Hagu na ce!"

"Ai hagun nake yi."

"Hagunka ko haguna?"

Jirgi ya yi ta zagaye a wuri ɗaya, daga ƙarshe ya tafi ya soki gaɓa, reshe ya kwashe hular maigida. Amurkawan da kansu suke kiran jirgin mutum biyu jirgin saki. A ƙarshen hanya wata tsohuwar bas ta 'yan makaranta ke jira, ta kwashi kowa jiƙe sharkaf ta mayar da shi daidai inda ya taso.

Da dare a kewaye wuta, a tsire wata farar alewa mai laushi a tsinke, a gasa har ta kama da wuta, a matse ta da cakulan tsakanin biskit biyu. Ƙarfe goma a ce kowa ya yi shiru, sai sauro ya karɓi aiki, shi da wata dabba mai baƙin zane a ido da ake kira rakun, wadda ta fi masu kular iya buɗe kula.

'Yan'uwanmu da ke zaune a Houston ma abokan aiki kan ja su. Wahalar ba a kwanan take ba, a bayani take, idan aka kira gida.

"Inna, gobe ba za ki same ni ba, za mu kwana a daji."

"Subhanallahi! Aikin ne ya ƙare?"

"A'a Inna, hutu ne. Biya ma muka yi."

"Kuka biya wa?"

"Mai dajin."

Inna ta yi jim, sannan ta ce, "Ɗan nan, in akwai abin da ke damunka ka faɗa wa kawunka, ba a ɓoye wa dangi."

Lahadi da safe a tashi da ciwon baya, a naɗe tanti da raɓarsa don ya ƙi komawa jakar da ya fito, a shiga layin motoci a babbar hanyar I-35. Litinin mutum ya isa ofis yana tafiya a tale, fatar kafaɗa tana saɓulewa, ƙafa duk cizo, ya ce wa abokan aiki rabonsa da hutawa irin wannan har ya manta. Tantin kuma yana can gareji a jiƙe yana fumfuna, sai watan Mayu mai zuwa a buɗe, a toshe hanci, a tafi kanti a sayo sabo, wanda ya fi na bara girma.