'Yan Rawar Sangaya Sun Fara Furfura

A 1999 fim ɗin Sangaya ya fito a Kano, waƙarsa kuma ta juya akalar kiɗan Hausa. Murya biyu ce, namiji ya rera mace ta amsa, babu kalangu, babu 'yan amshi a bayan makaɗi. Fiyano ce ƙirar Yamaha a sutudiyo, mutum guda ya latsa ta, ta fitar masa da ganga da sarewa. Kaset ɗin bai tsaya neman takardun ƙetare iyaka ba. Ya bi ta Daura, ya wuce Ɗan Barto, ya kwana Matameye, gari na wayewa yana Dawce.

Dattawan lokacin, waɗanda kunnensu ya saba da Mamman Shata da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, ba su ɓata lokaci ba wajen yanke hukunci: wannan Indiyanci ne aka ɗora wa hula. Ga shi kuma a shekarar Shata ya rasu, sai masu cewa duniya ta zo ƙarshe suka samu ƙarin hujja.

Samari kuwa ko a jikinsu. Kuɗin raken da aka sayar ya ƙare a gidan kallo, an haddace taku, an haddace juyi, wasu ma suna rantsuwa cewa jaruman fim ɗin, Ali Nuhu da Fati Muhammad, da bakinsu suke rerawa, alhali motsa leɓe kawai suke yi.

To, waɗannan samarin su ne iyayen gida a yau. Gemu ya fara fari, carbi ya zauna a hannu, an bar fadar shayi an koma tabarmar ƙofar masallaci. Da Hamisu Breaker ya saki Jaruma a 2020, matan aure suka riƙa taka rawa gaban mazajensu suna sakawa a intanet, babu wanda ya kai waɗannan iyayen gidan salati. Tarbiyya ta lalace, in ji su. Waƙa ai ta da, irin su Sangaya, mai ma'ana da kunya. Wato abin da aka kore su daga zaure a kansa, shi ne yanzu al'adar iyaye da kakanni.

Mai cajin salula ne kaɗai ya san gaskiyar garin, kuma Allah ya ba shi riƙon amana. Alhaji zai miƙo memori ya ce da ƙarfi a cika masa da tafsiri. In mutane sun ragu sai ya rage murya: a ɗan ƙara na Breaker guda biyar, wai na uwargida ne. Uwargidan kuwa tuni ta aiko yaro an cika mata nata. Asirin yakan tonu ne a zaman gaisuwar rasuwa, lokacin da waya ta ɗauki kiɗa daga cikin babbar riga, jama'a kowa ya sunkuyar da kai, mai rigar yana lalube yana cewa aikin yara ne.

Wanda ya ci wuya a duk wannan rigima shi ne makaɗin kalangu. Kowa na yabonsa, babu mai gayyatarsa. Uban amarya zai rantse ba za a kawo DJ ƙofar gidansa ba, ranar buki sai ga sifika biyu da janareto a bayan kabu-kabu, shi kuma ya tafi gona da la'asar don kada a ce ya gani. 'Yan siyasa sun koma fiyano, masu bege ma da yawa sun bi sahu.

Saboda haka, dattawan Dawce masu kishin kiɗan gargajiya, kaka na tafe, bukukuwa na tafe. A kira mai kalangu, a ba shi wuri, a biya shi rabin abin da ake ba DJ.